Gayya a Gonar Metro

Montreal, 24 ga Agusta, 1992

Gwaggo Stefka,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da gwiwar nan taki da ba ta shiri da sanyi. Ni ƙalau nake, sai nauyi. Cikin ya shiga wata takwas, likita ta ce in manta da jirgi da doguwar tafiya sai na sauka. Maigidana Pascal yana gaishe ki. Har yanzu yana koyon faɗin sunan garinmu, ya kusa.

Takardar asibiti game da Baba ta iso. Sun ce shanyewar ɓarin jikin ba ta yi tsanani ba, magana tana dawowa, hannun dama ne bai dawo ba. Ke kike ganinsa kullum, don Allah ki faɗa mini gaskiya, ban da irin ta likitoci. Da waya zan buga, amma kin san yadda muke ƙarewa: ni ina ihu daga nan, ke kina cewa "Wa ke magana?" daga can.

Abin da ke cina shi ne alkamar gonarsa. Eka ɗari shida a tsaye, mai gonar a kwance, 'yarsa tilo tana nesa da ciki kamar randa. Na san a Verbina in manomi ya kwanta ciwo lokacin girbi, maƙwabta sukan yi masa gayya, kowa ya kawo injinsa a share gonar rana ɗaya. Na kuma san Lorne Hudyma ne ke kiran gayya tun ina 'yar firamare. Ya yi magana? Ba na son in tambaye shi da kaina, kada ya zama kamar ina tuna masa aikinsa.

Ga wani ɗan labari. Kin tuna lokacin da na zo hutun Ista ina yawo da rikoda ina yi wa mutane tambayoyi? Wata jarida a nan gabas ta buga abin da na rubuta a kan magoya bayan jam'iyyar Muryar Yamma, su wane ne, kuma me ya kai su. Shafi guda cur. Malaman sashenmu na jami'a sun yaba ƙwarai, wato biyu daga cikinsu sun gaishe ni a hanya. Kada ki damu, na canja sunan kowa, har da na garin. Kuma wa ke karanta jaridar gabas a Verbina?

Ki riƙe mini hannun Baba, na daman, ko da ba zai ji ba.

'Yarki,
Halya

Verbina, 1 ga Satumba

Halya 'yata,

Wasiƙarki ta zo. Gwiwa tana nan, ba ta je ko'ina ba. Ki riƙa ɗora ƙafafunki a kan matashi, kuma ki ce wa Bafaranshen nan naki wanke-wanke ba ya kashe namiji.

Babanki yana samun sauƙi. Yana cin abinci da hagu, yana zagin masu jinya da yaren kakarki, su kuma suna zaton addu'a yake yi. Kullum in na shiga, kafin ya ce mini sannu, sai ya ce, "An yanke?" Ni kuma in ce ba ta nuna ba tukuna. Gaskiya ce, bana an yi sanyi, komai ya makara. Amma sati biyu ya rage wa wannan gaskiyar.

Yanzu gyara zama, Farfesa. Ba mai karanta jaridar gabas a nan, wannan haka ne. Amma akwai wanda aikinsa ne ya karanta mana. Ranar Alhamis da tsakar rana, bayan farashin hatsi da sanarwar mutuwa, Garth Tolliver ya buɗe shirinsa na rediyo da rubutunki. Kin san lokacin. Kowane namiji yana cikin tarakta, kowace mace tana kicin, ba mai kashe rediyo, don kowa yana so ya ji wa ya mutu. Ya ƙanƙance murya kamar ta mace mai mura, ya karanta inda kika ce mutanenmu suna tsoron baƙi za su cinye ƙasar, alhali baƙo ɗaya suka taɓa gani, shi ne likitan da ke duba musu hawan jini. Sau biyu ya karanta. Ya faɗi sunanki, ya faɗi na babanki, Metro Demkiw.

Wannan da sauƙi, an yi tsaki an wuce. Sai ya zo kan mutumin da kika sa wa suna Bil, wanda ya zauna a matakalar injin girbinsa mai ruwan ɗorawa yana kuka, da ya tuna ranar da ɗansa ya ce ya bar noma ke nan. Halya! Kin canja masa suna kin bar masa injinsa? Daga nan har bakin kogi injin kowa kore ne ko ja. Mutum ɗaya ne ke da mai ruwan ɗorawa, shekara goma sha tara ana tsokanarsa a kai. Ko karnukan garin sun san Lorne ne.

Washegari ya shiga shagon gahawa, sai tsoho Nestor, wanda bakinsa bai taɓa hutawa ba, ya miƙa masa hankici ya ce, "Bil, riƙe wannan, ko za a buƙata." Aka kwashe da dariya. Lorne ya ajiye kofinsa a cike ya fita. Tun ranar bai koma ba. Ranar Lahadi a coci da ka kawai ya gaishe ni. Maganar gayya kuwa ba wanda ya ɗaga, kuma ba mai ɗagawa in ba shi ba. Haka ake yi, kin sani.

Ban gaya wa babanki ba. Na ɗauke rediyon ɗakinsa na ce ya lalace.

Gwaggonki,
Stefka

Montreal, 8 ga Satumba

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Na ji daɗin labarin cin abincin Baba, zagin ma alamar lafiya ce. Ni da ɗan cikin muna nan, shi yana harbi, ni ina haƙuri.

Na karanta wasiƙarki a tsaye, na sake karantawa a zaune. A jami'a sun shafe zango guda suna koya mana yadda ake ɓoye wanda aka yi hira da shi. A canja suna, a canja shekaru, a canja cocinsa, in ta kama a rage masa 'ya'ya. Na ci jarrabawar da maki mai kyau. Ba wanda ya ce mini komai a kan launin inji, domin duk ɗakin ba wanda ya taɓa hawa inji sai ni. Ni ce ya kamata in sani.

Amma ki bar ni in kare kaina kaɗan. Rubutun layi ɗari biyu ne, Garth ya karanta goma. Bai karanta inda na ce an cire layin dogon da ke zuwa Verbina ba, babban rumbun hatsi na gari ya rufe, yara suna tafiyar awa guda a bas don an haɗe makarantu, jaridar mako-mako ta mutu, manyan jam'iyyu kuwa ba sa tuna hanyar garin sai zaɓe ya matso. Na ce mutumin da yake wuni awa goma sha huɗu shi kaɗai a cikin tarakta, murya ɗaya tana gaya masa laifin wane ne, ba wawa ba ne in ya yarda. Kukan Lorne na sa shi ne don mutanen nan gabas su ga cewa ba dodanni ba ne ke zaɓen jam'iyyar. Na yi zaton gata nake yi masa. Kin ga irin gatan 'yan boko.

Ra'ayina a kan Muryar Yamma bai canja ba. Ba baƙi ne suka cire layin dogo ba, ba kuma dangin Pascal masu Faransanci na nan gabas ba. Jam'iyyar ta gano ciwon daidai, maganinta ne na ƙarya. Garth kuwa ba abin da yake nomawa sai fushi, kuma bana ni na ba shi taki.

Ga abu biyu a cikin ambulan: cikakken rubutun, da wasiƙa zuwa ga Lorne. Don Allah ki kai masa hannu da hannu. Shi ya riƙe gaban akwatin gawar Mama, ban manta ba.

In kuma ya ƙi, Pascal ya ce akwai masu injin haya da ke bin gonaki suna girbi. Ki tambaya mini ko akwai wanda bai cika ba. Ba zan bari noman Baba na shekara ya ruɓe a tsaye saboda jimla ɗaya tawa ba.

Halya

Montreal, 26 ga Satumba

Gwaggo,

Da fatan lafiya. Ina rubuta "da fatan" ne da gaske, don kwana goma sha takwas ke nan ban ji daga gare ki ba. Na buga waya gidanki sau shida, tana ta ƙara ba a ɗauka. Na buga asibiti, wata mai murya mai daɗi ta ce Baba yana nan lafiya, yana barci, ba a tashinsa. Lorne kuwa ban isa in buga masa ba.

Na zauna na fassara shirunki kamar yadda aka koya mini fassara bayanai. Ko dai Lorne ya ƙi karɓar wasiƙar, kina jin nauyin faɗa mini. Ko maganar injin haya ta ɓata miki rai. Ko ke ma kin karanta rubutun gaba ɗaya kin ga bai fi goman da Garth ya karanta ba. Duk ukun na yarda da su, ina juya su ɗaya bayan ɗaya.

Jiya Pascal ya gani a talabijin dusar ƙanƙara ta sauka a Alberta, can yamma da ku, tana tahowa gabas. Ya faɗa mini kamar labari mai ban sha'awa. Bai san abin da take yi wa alkamar da ke tsaye ba, ni kuma na kasa yi masa bayani.

Layi ɗaya ya ishe ni, Gwaggo. Ko zagi ne.

Halya

Verbina, 4 ga Oktoba

'Yata,

Kwantar da hankalinki, kada ki haifa mini jika mai saurin fushi. Kowa lafiya. Alkama tana rumbu. Na sa wannan a farko don na san halinki.

Fassararki uku duk ba daidai ba. Ruwa aka yi, kwana goma sha ɗaya ba ƙaƙƙautawa. Na koma gidan babanki na tare don in kula da kaji da famfon rijiya, hanyar gonar ta zama kunu, motata ba ta iya fita. Kin kuma manta gidan wayar Verbina ya rufe tun bara, sai na yi tafiyar mil ashirin da biyar kafin in jefa miki takarda. Kin rubuta layin dogo da makaranta, wannan ne kika tsallake.

Maganar injin haya kuwa ban tambayi kowa ba. Da baƙon inji ya shiga gonar Metro, da kin gaya wa garin nan gaba ɗaya cewa ba su da amfani. Rubutun jarida ana iya mantawa da shi, wannan ba a mantawa.

Kafin ruwan ya fara na kai wa Lorne wasiƙarki. Na same shi a ƙarƙashin injin nan da ya jawo mana magana, ƙafafunsa kawai nake gani. Na ce, "Lorne, fito, ba da takalmanka na zo magana ba." Ya fito yana goge hannu. Na miƙa masa. Ya duba ambulan ɗin ya ce, "Wannan ma za a karanta a rediyo?" Na ce, "In ka kai wa abokinka Garth." Sai ya ce, "Stefka, ni ban yi magana da rikoda ba. Da 'yar Metro na yi magana." Ya jefa ambulan ɗin a kujerar motarsa ya koma ƙarƙashin inji. Matarsa Verna ta raka ni bakin hanya ta ce in ba shi lokaci. Na ce lokacin ba nawa ba ne, na sama ne.

Da ruwan ya ɗauke, aka ce ƙanƙara tana tafe nan da kwana biyar. Ki gane, ba gonar babanki kaɗai ce a tsaye ba, kowa yana da saura. A irin wannan satin mutum ko jana'izar surukarsa yana iya cewa a jira. Ni dai na cire rai. Har na fara shirya ƙaryar da zan yi wa babanki.

Ranar Talata da tsakar rana ina fere dankali, rediyo yana yi. Aka gama farashi, aka gama matattu, sai na ji Garth ya ce, "Sanarwa daga Lorne Hudyma. Gayya jibi Alhamis a gonar Metro Demkiw, da zarar raɓa ta bushe. Masu manyan motoci su zo da su. Mata su nemi Verna." Wuƙar ta faɗi daga hannuna. Shi kuma ɗan banzan Garth bai iya barin ta haka ba, sai da ya ƙara da cewa bari mu ga ko jaridun gabas za su turo nasu injin.

Tara suka zo, Halya. Inji tara, manyan motoci bakwai. Na tsaya a ƙofar gida ina ƙirga su suna shigowa a jere, mai ruwan ɗorawa a gaba, da allon Muryar Yamma ɗaure a jikinsa, ƙato, don kada wani ya yi zaton ya tuba. Nestor ma ya zo da tsohuwar motarsa. Ya leƙo ya ce, "Ina za mu fara, Bil?" Lorne ya ce, "Kai fara da rufe bakinka, sai ka bi bayan Verna ka ɗauko tukwane." Tun daga nan sunan ya mutu.

Mun kai musu abinci gona, muka shimfiɗa a bayan motoci: pirohi, ƙullin fulawar nan mai dankali da cuku a ciki, wajen ɗari huɗu, naman alade, kabeji, gahawa a manyan butoci. Ba wanda ya zauna. Ana cikin ci sai ga motar Dokta Pillay, likitan nan da kika sa a jarida, da babanki a gaba an naɗe shi da bargo. Wai shi ya sa hannu aka ba shi aron mara lafiya na awa biyu. Maza suka yi ta rige-rigen cika wa likita faranti, kowa yana nuna masa inda ke yi masa ciwo. Lorne ya ɗebo alkama a tafin hannu ya kai wa babanki ta taga. Babanki ya ɗauki ƙwaya ɗaya da hagu, ya ciza, ya tauna, ya ce, "Da ɗan danshi." Lorne ya ce, "To sauko ka yi da kanka." Babanki ya yi dariya da rabin bakinsa. Tun da ya kwanta ban ga haka ba.

Rana na faɗuwa suka gama. Na je na tsaya gaban Lorne na ce ban san yadda zan gode masa ba, musamman bayan abin da ya faru. Ya ce, "Alkamar Metro ce, Stefka. Ita ba ta rubuta komai a jarida ba." Wasiƙarki bai ambata ba. Verna ta ce mini ya karanta rubutun naki duka, sau biyu, a rumfar inji, ya ce yarinyar ta fi Garth sanin abin da ya same mu, sai dai ba ta da kunya. Ban san ko wannan yafiya ce ba. Ni dai ban ji kamar ita ba.

Ƙanƙarar ta sauka jiya Asabar da asuba. Yawancinsu sun samu sun kwashe nasu ranar Juma'a. Lorne bai gama ba. Eka tamanin ɗinsa na ƙarshe suna kwance a ƙarƙashinta yanzu. In ta narke aka samu rana uku masu kyau, zai tsira da wani abu. In ba haka ba sai bazara, bayan sanyi ya wuce, abin da ɓeraye da barewa suka rage.

Abu na ƙarshe, tun da kina son sanin su wane ne ke zaɓen Muryar Yamma. Ni ce. Da kika zo da rikodarki maza masu hula kawai kika bi, ni kuwa ina dafa miki abinci ba ki tambaye ni ba. Na san rabin maganar Garth ƙarya ce, maganar baƙi kuma ba ta dame ni ba, kakanninmu ma da jirgin ruwa suka zo da ƙwarƙwata a kai. Amma shekara arba'in ina zaɓen masu hankali, su suka rufe mini gidan waya. Wannan karon ina so in ba su tsoro. Kina iya sa wannan a jarida, sai dai ki canja mini launin mota.

Gwaggonki

Montreal, 12 ga Oktoba

Gwaggo,

Ina gaisuwa, ina kuma gode wa Allah da lafiyarku. Likita ta ce saura sati biyu ko ƙasa da haka. Pascal ya same ni a kicin da wasiƙarki ina kuka, ya ruga ya ɗauko jakar asibiti.

Na saba in sami abin faɗa a kan komai, shi ne sana'ata. Wannan karon na zauna da biro kusan awa guda. Na gode, Gwaggo. Na gode da kajin, da ƙaryar da kika yi ta yi wa Baba, da pirohi ɗari huɗu, da kika ƙi bin shawarata ta injin haya. Ki aiko mini da sunayen mutum taran nan da masu motoci, har Nestor. Zan rubuta wa kowa da hannuna. Na Lorne zai zama layi biyu, ba bayani, ba kare kai. In ya ga dama ya jefa a kujerar mota.

Maganar ƙuri'arki kuwa, na ji kunya da ban tambaye ki ba, kuma har yanzu ina ganin kuskure za ki yi. Wanda aka zaɓa don ya ba da tsoro ba ya tsayawa a kan waɗanda aka nufa, Dokta Pillay yana da 'ya'ya a makarantar da jikokin Nestor suke. Za mu yi wannan faɗan a teburinki lokacin Kirsimeti, ki sa abin jinki a kunne, ban yarda da "Wa ke magana?" ba.

Editan jaridar ya bugo shekaranjiya. Wani ya kai masa labarin gayyar, yana murna kamar ya tsinci kuɗi. Yana son kashi na biyu: garin masu fushi ya nuna zuciyarsa, da hoton injinan a jere, da na "Bil" in zai yiwu. Ya ce masu karatu za su so shi ƙwarai. Na san za su so. Na ce masa ba wani labari, alkama ce ta nuna aka girbe.

Ki rubuto mini halin da eka tamanin ɗin nan suke ciki, ko da mil ashirin da biyar ne. Rabona da in roƙi Allah wani abu tun rasuwar Mama. Yanzu kowace safiya ina roƙonsa rana uku masu zafi a gonar mutumin da zai je ya zaɓi Muryar Yamma, kuma da zuciya ɗaya nake roƙon.

Taki har kullum, duk da rashin kunyar,
Halya